Minti Shida a Barandar Asibiti

Tun ƙarfe bakwai da rabi na safe mai shara yake gama goge doguwar barandar da ke bayan sashen gashin ƙashi na asibitin, kafin ya taɓa ofishin kowa. Haka shugabar sashen ta tsara, domin barandar nan ita ce kayan aiki mafi girma da suka mallaka. An auna ta da tef ɗin magina, mita 30 cif, an ɗiga jan fenti a gefen siminti duk bayan mita uku, an kuma ajiye tsohuwar jarka cike da yashi a kowane ƙarshe, inda mai tafiya zai kewaya ya dawo. Akwai kujera ɗaya a mafari, ɗaya a tsakiya. Sauran kayan duk suna shiga aljihun farar riga: waya mai agogo, biro, da 'yar na'urar da ake maƙala wa mutum a yatsa.

Kafin takwas bencin jira ya cika. Ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye watanni huɗu da suka wuce, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Ga tsohuwar da gwiwa ta raba da sujada, ta koma salla a kan kujerar roba. Ga waɗanda aka turo daga wajen likitan zuciya da likitan ƙirji, kowa riƙe da kati, kowa da ɗa ko 'ya ko jika a gefe ɗauke da ledar magani da gorar ruwa. Yawancinsu sun zo da tunanin za a gasa musu jiki da na'ura mai ɗumi ko a murza musu mai, tunda abin da sunan sashen ya faɗa ke nan. Da an ce tafiya za su yi a kan agogo, sai fuska ta sauya. Wanda ya biya kuɗin adaidaita sahu daga bayan gari, ya bi layin kati tun asuba, yana da gaskiya in ya tambaya ko tafiyar da yake yi kullum a ƙofar gida ce aka kira shi ya zo ya yi.

Ita ce, amma da ƙa'ida. Da farko a zaunar da mutum ya huta minti goma. A auna jininsa, a duba bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jini. In zuciya na bugawa sama da sau 120 a minti alhali yana zaune, ko awon jini na sama ya haura 180, likitar fisiyo takan dakata ta sake duba lamarin. Wanda kuwa toshewar jijiyar zuciya ta kwantar da shi cikin wata gudan da ya wuce, ba a sa shi ko kaɗan. Sai bayani: zai yi ta kai da komo tsakanin jarka da jarka har minti shida, ya ci iyakar nisan da zai iya, ba gudu, ba sassarfa. In ya gaji ya tsaya ya jingina da bango, amma agogo ba zai jira shi ba. Mai sanda ya riƙe sandarsa. In ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya kama, ko zufa mai sanyi ta karyo, nan take a tsayar da komai.

Dokar da ta fi wuya a kan 'yan rakiya take. Ba a yarda ɗa ya jera da mahaifinsa ba, balle ya riƙe masa hannu, domin wanda aka jera da shi takun abokin tafiyarsa yake ɗauka. Ba a yarda a yi ta zuga shi ba. Likitar kanta tsayawa take a mafari, duk minti ɗaya ta faɗi 'yan kalmomi da murya iri ɗaya, cewa yana ƙoƙari kuma saura minti kaza, ta ja bakinta. Ga ɗan Bahaushe da ya taso a kan cewa ba a barin tsoho ya ɗauki ko buta, tsayawa ya harɗe hannu yana kallon uba na haki abu ne mai nauyi. Akan ga matashi ya yunƙura sau biyu, sau uku, ɗalibin da ke koyon aiki yana dafa masa kafaɗa.

Gwajin yana da tarihinsa. A 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da gudun minti 12 don auna ƙarfin sojoji. A 1976 McGavin da abokan aikinsa a Birtaniya suka mayar da gudun tafiya, saboda masu tsohon ciwon huhu da ba za su iya gudu ba. A 1982 Butland da nasa abokan suka gwada minti biyu da shida da 12, suka ga shida ta wadatar, ba ta kuma galabaitar da majiyyaci kamar 12. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ce ta rubuta ƙa'idojin a 2002, kuma daga takardarta mita 30 da ɗigon mita uku-uku suka iso wannan baranda.

A safiyar wata Talata, wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, wanda aka turo saboda haki da kumburin ƙafa, ya kewaya jarkokin sau 13, agogo ya cika yana bisa ɗigo na uku da ɗan ɗoriya. Mita 400. Ya zauna yana mayar da numfashi, ɗansa ya miƙa masa ruwa, sannan ya yi tambayar da kowa yake yi a kujerar nan: 'yata, na ci ko na faɗi?

Amsar wannan tambaya ita ce ainihin aikin sashen, kuma ita ce ta fi wahala. Mita 400 ita kaɗai ba ta faɗin komai. Ga dogon mutum ɗan shekara 55 alamar matsala ce babba, ga gajeriyar tsohuwa 'yar 85 abin a yi murna ne. Sai an san nisan da ya kamata mai lafiya irin wannan mutum ya ci, sannan a gwada da abin da ya ci. Don haka masu bincike suka tara masu lafiya, suka sa su tafiyar, suka fitar da lissafin hasashe daga shekaru da tsayi da nauyi da jinsi.

Wanda aka fi amfani da shi a duniya na Enright da Sherrill ne, na 1998. Sun gwada maza 117 da mata 173, 'yan shekara 40 zuwa 80, a birnin Tucson na jihar Arizona. Ga namiji, a ninka tsayinsa na santimita da 7.57, a cire shekarunsa ninki 5.02, a cire nauyinsa na kilo ninki 1.76, a sake cire 309. Dattijon hatsi katinsa ya ce shekara 72, tsayi santimita 168, nauyi kilo 60. Ɗalibin ya danna a waya, ya samu mita 496. Wato Baba ya ci kashi 81 cikin ɗari na abin da aka zata, kuma yana sama da iyakar ƙasa da lissafin ya ajiye, wadda ta kama mita 343. Ya haye ke nan.

Sai dai akwai wata takardar manne a jikin allo, kusa da ta Enright da Sherrill. Ta Troosters ce da abokan aikinsa na Leuven a Beljiyam, 1999, waɗanda suka gwada tsofaffi masu lafiya 51, 'yan 50 zuwa 85. In aka zuba alƙaluman Baba a nasu lissafin, mita 642 ake samu. Mutum ɗaya, safiya ɗaya, baranda ɗaya, amma tazarar hasashen biyu ta kai mita 146, kuma a ma'aunin Beljiyam abin da ya ci kashi 62 ne kacal. Akwai dalilai: a Leuven barandar ta fi tsawo, don haka juyi ya ragu, kuma sau biyu aka yi gwajin aka ɗauki wanda ya fi, a Tucson kuwa sau ɗaya. Enright da Sherrill da kansu sun bayyana cewa lissafinsu kusan kashi 40 cikin ɗari kawai yake bayani na bambancin da ke tsakanin mutane. Ragowar kashi 60 yana wani wuri da tef da sikeli ba su kai ba.

A wannan baranda ma, kashi 40 ɗin kansa yana tangal-tangal, kuma daga shekaru matsalar take farawa. Lissafin yana rage wa namiji mita biyar duk shekara ɗaya, mace kusan shida. Ya ɗauka kowa ya san ranar haihuwarsa. Kaɗan ne daga masu zaman bencin nan aka rubuta tasu. Katin shaida da yawa suna ɗauke da ɗaya ga Janairu da shekarar da wani magatakarda ya kintata daga kallon furfura. Tsofaffin ma'aikata wasu suna da shekarun takarda daban da na gida. Malamin zaure yakan ƙirga nasa da watannin Musulunci, waɗanda shekararsu ta gaza ta Bature da kwana 11, ta yadda mai 72 a can yana wajen 70 a nan.

Ma'aikatan sun koyi yin abin da masu ƙidaya suke yi a ƙauye, wato ɗaure shekaru a jikin abubuwan da ba a mantawa. Baba, da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956 kana da wayo? Da aka samu 'yancin kai fa? Ranar da aka kashe Sardauna a 1966 kana ina, ka yi aure ko kana gaban iyaye? Inna, da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, 'ya'yanki nawa? Wannan hira takan ci minti goma, wani lokaci ta fi gwajin tsawo, domin tsoho ba ya amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya. Dattijon hatsi ya ce labarin Sardauna ya same shi ne a kasuwa, amaryarsa tana da wata uku a ɗaki. Wanda ya yi aure kafin 1966 zai yi wuya ya zama ɗan 72 a yau, ya fi kusa da 80. Ɗalibin ya sake dannawa da 80, hasashen ya sauko zuwa mita 456. Ba a sake taka ko taku ɗaya ba, sakamakon Baba ya tashi zuwa kashi 88.

Tsayi ma haka. Kowane santimita yana ɗauke da fiye da mita bakwai da rabi ga namiji, saboda haka hula da rawani da takalmi sai an cire, mata kuma a shiga da su ɗaki a sassauta ɗaurin ɗankwali. Ga wanda bayansa ya ranƙwafa, akan buɗe masa hannuwa a auna daga yatsa zuwa yatsa, domin wannan faɗin ya fi kusa da tsayinsa na ƙuruciya.

Batun nauyi ne ya fi damun shugabar sashen, kuma tana da hujja. Lissafin yana ƙara wa mutum nisa duk kilon da ya rage, domin inda aka gina shi ƙiba ce ke hana tafiya. A nan kuwa siririn tsoho sau da yawa ramewa ya yi: haƙori ya zube, nama ya gagara ci da saye, kunu da koko sun zama abincin yini, tsokar cinya ta narke. Lissafin zai dube shi ya ce wannan marar nauyi ne, ya kamata ya fi kowa nisa. Mai ido kuwa, da ganin yadda wando yake yawo a ƙugunsa ya san akasin haka ne.

Ga mata akwai wani abu da ba ya cikin takardun biyu. A 2009 Ben Saad da abokan aikinsa a Tunisiya suka gwada masu lafiya 'yan sama da 40, suka ga yawan haihuwa yana da nasaba da raguwar nisan da mace take ci. A Arewa maso Yammacin Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya sa matsakaicin haihuwar mace a 6.6. Tsohuwar da ke salla a kujerar roba haihuwarta 11. Shekara 68, tsayi 155, nauyi kilo 70, lissafin Tucson na mata ya ce mita 441. Ta ci 310, ta tsaya sau biyu tana dafe da gwiwa. Nawa ne na gwiwa a wannan giɓi, nawa ne na ciki 11 da goyo 11 da shekaru 50 na daka da surfe da tsugunno a gaban murhu, ba takardar da ke jikin allon da za ta raba. Masu bincike a Legas sun fitar da lissafin 'yan Najeriya a 2014, ci gaba ne na gaske, amma jikin mutanen Legas da rayuwarsu ba su ne na matan karkarar Arewa ba. Rashin lissafin da aka gina a kan tsofaffin wannan yanki gazawa ce da ya kamata jami'o'in Arewa su ji nauyinta, tunda aikin bai buƙatar komai sai baranda da agogo da haƙuri.

Cewa ƙasa da ƙasa sun bambanta an tabbatar da shi. A 2011 Casanova da abokan aikinsa suka gwada masu lafiya 444 a ƙasashe bakwai da ƙa'ida ɗaya, suka samu bambanci tsakanin wurare wanda tsayi da nauyi da shekaru ba su yi bayaninsa ba. Wanda ya yi yini ɗaya a wannan baranda zai ga ɗaya daga cikin dalilan da idonsa.

Dattijo ba ya sauri. A ƙasar Hausa sauri na yara ne da 'yan aike, ko na wanda wani abu ya samu. In aka ga mai furfura yana zabga sauri a unguwa, tare shi ake yi a tambaya ko lafiya. Nutsuwar taku ɓangare ce ta kamala, an shekara 50 ana gina ta, ba za ta rushe don wata yarinya mai farar riga ta danna agogo ba. Wani in aka ce ya ƙara himma, murmushi yake yi ya ce sauri ya haifi nawa. Ga mata abin ya ninku: zani ɗaure har idon sawu yana gajarta taku, dogon hijabi yana harɗe ƙafa a wajen juyi, silifas na karkacewa, sannan ga kunya in surukinta ne ya rako ta yana tsaye yana kallo. Likitar tana gane wanda bai saki jiki ba daga na'urar yatsa. In an fara zuciya na 76 an gama tana 84, kuma aka nuna masa ma'aunin gajiya mai sifili zuwa goma ya ce bai ji komai ba, to tafiyar zuwa ɗaurin aure ya yi. Ƙarfinsa na gaske bai fito ba.

An daɗe ana neman kalmar da za ta isar da nufin ba tare da ta zama zuga ba. Wani ɗalibi ya taɓa cewa da wani dattijo ya yi kamar an tada iƙama yana nesa da masallaci. Dattijon malami ne, nan take ya gyara masa, cewa sunna ita ce a je salla cikin nutsuwa ko da an tayar, ya kuma yi tafiyarsa a natse don ya nuna. Misalin da ya fi kama mutane shi ne na hadari: hatsi na shanye a waje, gabas ta yi baƙi, ba gudu za ka yi ba amma ba za ka tsaya gaisawa ba. Da yake sauya kalmomin umarni yana sauya nisan da mutum zai ci, sashen ya rubuta bayani ɗaya da Hausa ya manna a bango, kowane ma'aikaci shi yake karantawa, ba ƙari ba ragi.

Gaisuwa kuwa sai da aka yi mata shinge. Barandar hanya ce zuwa ɗakin hoton ƙashi, kuma a garin da kowa ya san kowa ba zai yiwu maƙwabci ya gifta tsoho bai durƙusa ba, tsohon ma ba zai wuce bai amsa ina gajiya ina iyali ba. Yanzu ɗalibai biyu ne ke tsare bakin barandar har minti shidan ya cika. A watan Afrilu, da zafi ke kaiwa digiri 40, ba a gwaji bayan ƙarfe goma. Da azumi akan ɗage wanda ba na gaggawa ba.

Sannan akwai sabo. Mutum yakan fi nisa a karo na biyu don kawai ya gane yadda ake juyi da yadda zai raba ƙarfinsa. Bitar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Turai da Amurka suka yi a 2014 ta sa wannan ƙarin a wajen mita 26 ga masu ciwon huhu, ta ba da shawarar a yi sau biyu, ta kuma ce canjin da za a ɗauka da muhimmanci shi ne wajen mita 30. Alƙaluman biyu sun yi kusa da juna ƙwarai. Wanda ya gwada majiyyaci sau ɗaya, ya ba shi magani, ya sake gwadawa ya ga ƙarin mita 28, zai iya yaba wa magani alhali baranda ce mutumin ya saba da ita. Shi ya sa aka bar dattijon hatsi ya huta rabin awa aka sake sa shi. Ya ci 421, ita aka rubuta.

Ba kowa ke iya minti shida ba, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da mita 30 ba. Don haka ɗaliban da za a tura ƙauye ake koya musu gajerun gwaje-gwaje da ke nuna tun da wuri yadda doguwar tafiyar za ta kasance. Na farko saurin taku a mita huɗu. Wanda ya ci mita huɗu a daƙiƙa biyar yana tafiyar mita 0.8 a daƙiƙa, kuma nan ne masana tsufa na Turai suka ja layi, daga nan zuwa ƙasa alamar rauni ce. A 2011 Studenski da abokan aikinta suka haɗa bayanan mutum 34,485 'yan 65 zuwa sama daga bincike tara, suka ga saurin taku yana tafiya tare da tsawon rai: masu mita ɗaya a daƙiƙa ko fiye sukan rayu fiye da abin da aka zata wa sa'o'insu. Taku ɗaya yana neman zuciya da huhu da tsoka da ido da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, in ɗaya ya fara gazawa a ƙafa ake fara gani. A waje da asibiti lissafin ya fi tsanani. Titi mai faɗin mita 15 zai ci wa mai wannan sauri daƙiƙa 19, a garin da babur da adaidaita sahu ba sa ragewa.

Sauran suna da sauƙi. Tashi daga kujera sau biyar hannu a ƙirji, in ya wuce daƙiƙa 15 cinya ta yi rauni. Ƙarfin damƙa, ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace. Sai wanda Podsiadlo da Richardson suka tsara a Kanada a 1991: a tashi daga kujera, a yi mita uku, a juyo a zauna. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ana sa masa ido kan faɗuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 684,000 a shekara, galibinsu 'yan sama da 60.

Duk waɗannan a kan kujera aka gina su, mutanen bencin nan kuwa a ƙasa suke rayuwa, kan tabarma da buzu da darduma. Mai salla biyar a tsaye yana tashi daga ƙasa sau 17 a yini ko da bai ƙara nafila ba. Saboda haka kafin a ɗauko kowace na'ura, tsofaffin ma'aikatan sukan yi tambaya uku: Baba, a tsaye kake salla ko a zaune? In za ka tashi daga sujada, kana dafa bango? Masallacin unguwa kake zuwa ko ka koma yi a zaure? Daga amsoshin sukan kintaci inda agogo zai cika wa mutum, sau da yawa kusa da gaskiya fiye da takardun jikin allo. Wannan sani ne da ya cancanci a tara shi a rubuta a gwada shi da alƙaluma, ya daina zama a kan mutum uku da ke dab da ritaya.

Bayan ƙaramar salla wasu irin baƙi suke ƙaruwa, maniyyata aikin Hajji da 'ya'yansu suka biya wa kujera. Ga su gwajin yana da ma'auni na zahiri. Daga Safa zuwa Marwa wajen mita 400 ne, sau bakwai, kusan kilomita uku, bayan ɗawafi, ga kuma tafiyar jifa daga tantunan Mina kwana bayan kwana. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce sama da mutum 1,300 sun rasu cikin tsananin zafi, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Idan Hajiya ta ci mita 310 da tsayawa biyu a inuwar baranda, likitar ba ta cewa kada ta je. Takan zaunar da 'ya'yan ta ce a tanadi kuɗin keken turawa tun daga gida, a shirya wanda zai yi mata jifa, a kuma fara atisaye yau, tunda akwai sauran makonni.

Dattijon hatsi an gyara masa maganin zuciya, an rage masa gishiri da dunƙulen miya, an ce ya riƙa tafiya bayan asuba da bayan la'asar, ya tashi daga kujera sau goma safe da yamma, a ƙara masa ƙwai da wake da nono. Bayan mako shida ya dawo, kumburin ya saɓe, ya zo da takalmi mai igiya na jikansa a maimakon silifas. An sa shi sau biyu kamar da, mafi kyau ta kama mita 463, ƙarin 42 a kan 421 ɗin da aka rubuta masa a baya. Likitar ba ta kalli allo ba wannan karon, shafin baya na katinsa ta buɗe ta nuna masa lambobin biyu.

Shi kuwa wani nisan ne a ransa. Tun da haki ya kama shi bara ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, sai a babur ɗin ɗansa. Ɗan ya riga ya auna hanyar da wayarsa, mita 900 daga ƙofar gida, da gangara ɗaya da tsallaka titi ɗaya. Likitar ta ce ya fita da wuri kafin rana ta take, ya tsaya sau ɗaya a inuwa wajen rabin hanya, yaro ya bi shi a baya, kuma a wajen titin ya yarda a riƙe masa hannu. Ya amince da komai ban da riƙe hannun, sai da ɗan ya ce to zai riƙe masa darduma ya tsaya ta ɓangaren motoci. Aka rubuta masa ranar dawowa bayan wata biyu, ɗalibi ya gyara zaman jarkar da iska ta karkatar, aka kira mai kati na gaba.